Tsayin Kujerar Umma

A gidan gaba ɗaya, kujera guda ce Umma ke iya tashi daga kanta ba tare da an kama ta ba. Ta katako ce, mai dogayen ƙafafu da hannuwa biyu, wadda marigayi Baba yake zama a kai a shagonsa na gyaran agogo. Da aka rufe shagon aka kawo ta gida, ta daɗe a bayan ƙofa ana jibga mata wanki. Bayan aikin da aka yi wa Umma a ƙugu, Auta ta goge ta, ta ɗora mata matashi, ta ajiye ta a falo kusa da taga. Umma takan dafa hannuwan kujerar, ta ɗan zamo gaba, ta miƙe. Kushin ɗin falo kuwa, in ta zauna a kai, sai an ɗaga ta. Gadonta ma sai da aka sa masa bulo a ƙarƙashin kowace ƙafa, aka saki zanin gado ya rufe su.

Auta ce kaɗai ta san haka, domin su biyu ne a gidan. Ita ce kuma take tare da Umma ranar ƙarshe da suka je asibiti gashin ƙashi. Tasin da suka shiga kujerarta ta lotsa. A bakin ƙofar asibiti Umma ta yunƙura, ta sake yunƙurawa, ba ta tashi ba. Motoci suka taru a baya suna oda. Direban ya zagayo, bai tambayi kowa ba, ya sa hannu a hammatarta ya finciko ta kamar buhu. Mayafinta ya faɗi a ƙasa. Ba wanda ya yi dariya, amma kowa ya kalla.

Da suka dawo gida, Umma ta ce, "Wannan maganar kada ta kai kunnen yayanki. Abin da ke kansa ya ishe shi."

Tun daga ranar ba ta sake fita ba. In an tambaya, sai a ce Umma ba ta jin fita. Ranakun asibiti suka yi ta wucewa. Yayarta, Inna Babba, ta kwanta ciwo a ɗaya ƙarshen garin, can ma Umma ba ta je ba, sai gaisuwa ta waya.

Yaya yana zaune da matarsa kusa da kamfanin simintin da yake aiki, yakan zo ƙarshen mako. Umma ta san ƙarar babur ɗinsa tun daga kwanar layi. Kafin ya kashe shi ta riga ta zauna a kujerar Baba, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta tura sandarta bayan labule. A zaune yake samun ta, a zaune yake barin ta.

"Umma, ke fa kin warke," in ji shi. "Ƙiwuya ce kawai ta rage."

"Ƙiwuyar a wurin wa ka gada?" Sai su yi dariya.

Shi a ganinsa wahalar motar haya ce ta hana ta fita, don haka ya kawo maganar sayen mota. Ya sayar da babur ɗin. Auta ta fito da abin da ta tara daga aikinta a shagon tabarau. Kawu, wan Umma, wanda ya yi tuƙin babbar mota a zamaninsa, ya ce shi gudummawarsa shawara ce, kuma ta fi ta kowa tsada. Da aka haɗa duka, kuɗin ya isa mota, amma ba irin wadda mutum ke nunawa da yatsa ya ce wannan nake so ba. Aka shirya motar za ta zauna a hannun Yaya, ya je aiki da ita, ya riƙa kai Umma duk inda za ta.

"Ku sayi mai kyau," in ji Umma. Ba ta kalli Auta ba.

Aikin Auta a shago shi ne awo. Takan ɗora 'yar ma'auni a kan hancin mutum ta auna tsakanin idanunsa, ta rubuta, ba sai ta yi doguwar magana ba, abin da ya sa aikin ya dace da ita. Da safen da za su tafi, ta ɗauko tsohuwar laimar Baba, baƙa, mai dogon mariƙi. Ta tsayar da ita a jikin kujerar katakon, ta ɗaura jan zare daidai inda matashin ya tsaya.

Kawu ya dubi sama, ya dubi laimar. "Auta, wani gari aka ce miki ana ruwa?"

"Saboda rana ne, Kawu."

"To ki buɗe ta mana."

Ta yi murmushi, ba ta buɗe ba.

Wurin sayar da motocin fili ne da aka kewaye da waya, a bayan wani gidan mai. Na bakin ƙofa an wanke su, an shafa wa tayoyinsu wani abu mai sheƙi. In ana shiga ciki sheƙin yana raguwa, ƙura tana ƙaruwa, har a kai layin ƙarshe, inda ciyawa ta fito tsakanin tayoyi. Dillalin da ya tare su gajere ne mai ƙaton agogo, mukullai cike da aljihunsa. Ana kiransa Ba Matsala, kuma ba a daɗe da shi ba mutum yake gane dalili.

Yaya ya gaya masa abin da ke hannunsu a kunne. Ba Matsala bai canja fuska ba. Ya dai juya ya bi da su ta gefe, suka wuce layin farko da na biyu ba tare da ya rage sauri ba.

"Wannan," ya bugi bonet ɗin wata shuɗiya, "wata likita ce ke hawanta. Daga gida sai asibiti."

Kawu ya ɗora tafin hannu a kan bonet ɗin. "Da ɗumi. Wa ya tayar da ita kafin mu zo?"

"Rana ce, Alhaji."

"Ranar ita kaɗai ta zaɓa?"

Ta gaba ma likita ce ke hawanta. Ta gaba da ita kuma malamar asibiti. Kawu ya ce, "Kai, ashe likitocin garin nan duk a ƙasa suke tafiya yanzu."

"Ba matsala, Alhaji, sun sayi sababbi."

Kawu yana da tsarinsa. Yakan ƙwanƙwasa jikin mota da bayan yatsa ya kasa kunne. Yakan zaro ma'aunin baƙin mai ya murza tsakanin yatsu ya shinshina. Yakan sa a tayar, ya durƙusa a bayan salansa yana kallon launin hayaƙi. Rabin abin da yake faɗa game da manyan motoci ne, amma yana faɗa da ƙarfi, kuma Ba Matsala yana rage farashi kaɗan-kaɗan don ya huta. Yaya kuwa yakan ja da baya ya kalli mota daga nesa, kamar yana hango kansa a ciki.

Auta tana bin su a baya. In sun gama da mota sun matsa, sai ta buɗe ƙofar gaba ta gefen fasinja, ta kafa laimar a ƙasa, ta duba. A shuɗiyar, kujerar ta gaza zaren da taƙi guda. A ta biyun, fiye da haka. Takan rufe ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.

Sai suka zo kan wata mai ruwan toka. Doguwa ce, ta kwanta ƙasa-ƙasa, fentinta bai mutu ba, kujerunta na fata ne da ya tsage a wuri ɗaya kawai. Tashi ɗaya ta yi. Kawu ya durƙusa, ya daɗe, ya tashi bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne. Yaya ya shiga ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Fuskarsa ta koma irin ta lokacin da yake yaro.

Auta ta kafa laimar. Wannan ta fi duk sauran yin ƙasa.

Ta ci gaba ita kaɗai zuwa ƙarshen layin. A jikin waya akwai wata fara, gajera mai tudu, kamar akwati a kan tayoyi. An yi mata fenti a gurguje, har ana iya ganin hoton burodi a ƙarƙashinsa, da rabin lambar waya. Irin wadda gidajen burodi ke rabon kaya da ita ce, an mayar mata da kujerar baya. Ƙofar ta yi ƙara da ta buɗe. Ta kafa laimar. Bakin kujerar ya zo daidai kan zaren. Akwai kuma mariƙi mai ƙwari a saman ƙofar. Ta ja shi, bai motsa ba.

"Yaya," ta ce. Bai ji ba, sai da ta sake. "Yaya, wannan fa?"

Su ukun suka juyo. Ba Matsala ya buɗe baki zai ce likita, ya fasa.

Yaya ya yi dariya. "In je ofis da wannan? Ai masu gadi sai su ce in sauke musu na safe."

"Kujerarta tana da tsawo."

"Kujera muka zo saya ko mota?"

Maganar tana bakinta. Ta dubi Ba Matsala da ke jujjuya mukullai, ta dubi Kawu, wanda duk abin da ya ji da rana dangi sun ji kafin magariba. Ta tuna abin da Umma ta ce. Ta rufe ƙofar.

Aka zauna ciniki a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano. Kawu ya taya, Ba Matsala ya ce albarka. Kawu ya tashi kamar zai tafi, aka kamo rigarsa. Daga baya aka tsaya a wani wuri da ya cinye kusan duk abin da suka zo da shi. Ba Matsala yana da ƙa'idarsa: a ba da kafin alƙalami, a tafi da mota a nuna wa gida, shi ma yana ciki, domin ba ya rabuwa da mukulli sai an cika. Kafin alƙalamin kuma ba ya dawowa. In an fasa, sai dai a mayar da shi kan wata motar a cikin filinsa.

"Ba fasawa," in ji Yaya, ya biya.

Layinsu matsattse ne, motar ta cika shi. Tun kafin su tsaya mai shagon kwana ya fito yana ɗaga hannu. Maƙwabciyarsu ta leƙo, ta koma ta kira ta kusa da ita. Auta ta riga kowa shiga gida.

Umma tana kan kujerarta. "Motar, ya take?"

Auta ta sunkuya ta nuna da hannu, ƙasa da gwiwarta.

Umma ta kalli hannun. Yaya ya shigo da sallama, yana haki kamar shi ya turo motar.

"Umma, fito ki gani."

"Ina hango ta ta taga. Ta yi kyau. Allah ya tsare."

"Ta taga? Haba Umma. Don ke aka saya fa."

Ta dube shi na ɗan lokaci. "Je ka, ina zuwa. Bari in sa mayafi."

Sai da ya fita ta dafa hannuwan kujerar ta miƙe. Auta ta miƙo mata sandar. Ta fita a hankali, amma a miƙe, ta amsa gaisuwar maƙwabta, ta gaisa da Kawu. Ta zaga motar tana shafa ta, ta yi addu'a, kowa ya shafa. Ta juya za ta koma ciki.

Yaya ya buɗe ƙofar gaba. "Ban cika kuɗin ba tukuna. Na ce sai kin fara zama a ciki."

"Ai na gani."

"Gani daban, zama daban, Hajiya," in ji Ba Matsala. "Ki ji laushin. Gado ne."

Matan layin suka ce, "Shiga mana, Maman Auta. Ɗanki ne ya saya."

Umma ta kalli kujerar, sannan ta kalli ɗanta, wanda ya riƙe ƙofar da hannu biyu. Ta juya baya, ta dafa saman ƙofar, ta sauka a hankali har inda ƙugunta ya yarda, daga nan ta saki jiki. Kujerar ta karɓe ta da wata 'yar ƙara. Gwiwoyinta suka fi ƙugunta tsawo. Ta jawo ƙafafunta ciki ɗaya bayan ɗaya. Aka yi tafi.

"Da laushi kam," ta ce.

Ta tambayi amfanin wani maɓalli, Yaya ya bayyana. Ta tambayi na kusa da shi. Ta sa aka kunna rediyo, aka kashe. Ta buɗe 'yar durowar gabanta, ta sami tsohuwar takardar mai da murfin biro, ta mayar. Ta tambayi Ba Matsala 'ya'yansa nawa, da ajin kowannensu. Matan suka riƙa zuwa bakin ƙofar suna gaishe ta ɗaya-ɗaya, kamar an kai ta sabon gida.

Auta tana tsaye a gefe da laimar. Ta ga lokacin da Umma ta kai hannu sama neman mariƙi, ta tarar da ramukan ƙusa biyu kawai. Ta ga ta fito da ƙafa ɗaya waje, ta kafa sandar, ta yunƙura, jikinta bai bar kujerar ba. Umma ta mayar da abin kamar gyaran mayafi take yi. Ta mayar da ƙafar ciki.

Rana ta dawo kan motar. Fatar kujerar ta ɗauki zafi. Gumi ya tsatsafo a kan leɓen Umma na sama.

"Kun gani?" Ba Matsala ya ce wa mutanen layi. "Hajiya ta ƙi fitowa. Ni ban taɓa kai mota gida uwa ta shiga ta ƙi fita ba. Yallaɓai, ragin nan da na yi, da na sani ban yi ba."

Kawu ya sunkuya ta taga, ya rage murya, amma muryar Kawu ba ta raguwa. "Ke ƙanwata, fito haka nan, kina ɓata mana ciniki. Ina so in ƙara matsa shi a kan taya."

"Ka matsa shi mana. Ni na riƙe ka?"

"Ki yamutsa fuska ko kaɗan. Ki ce tana wari."

"Bari in ɗan huta. Ina ruwanka da zamana?"

Yaya yana ta murmushi. Ya ce wa Auta, "Kin ga? Ke da kika so mu kawo mata motar burodi."

Masu kallo ba su ragu ba. Mai shago ya jawo bencinsa. Auta ta duba layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta duba Umma, wadda ta daina tambaya, tana kallon gilashin gaba kawai, hannunta damƙe da sandar.

Auta ta buɗe laimar. Babba ce, irin ta da, ƙarfe ɗaya ya karye amma sauran suna nan. Ta matsa bakin ƙofar, ta karkatar da ita ta gefen mutane, har ta rufe tsakanin ƙofar da jikin motar.

"Yanzu ta tuna da rana," in ji Kawu.

"Yaya," ta ce, "zo ka ga wani abu."

Ya zagayo ya shigo bayan laimar, yana tsammanin wata tsaga ta gano a kujera.

"Ba za ta iya tashi ba," Auta ta ce. "Ka durƙusa a gabanta. Ka sa hannu a bayanta, ba a hammata ba. Kada ka ja, ka bari ta riƙe wuyanka."

Murmushin bai bar fuskarsa nan da nan ba. Ya kalli Umma.

"Ka ji ta da neman magana," in ji Umma. "Zaune nake kawai."

A waje Kawu ya koma kan tayar baya, yana cewa ta fi shi tsufa, Ba Matsala yana rantsuwa.

Yaya ya durƙusa. Umma ta fito da ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗan jima tana kallon wani wuri a bayan kansa, sannan ta miƙa wa Auta sandar, ta sa hannuwa biyu a wuyansa. Ya miƙe da ita a hankali. Wata ƙara ta fita daga bakinta, gajera, ta haɗiye sauran. Ya riƙe ta har ƙafafunta suka kama ƙasa. Ta gyara mayafinta, ta karɓi sandar.

Abin da mutanen layi suka gani shi ne baƙar laima da ƙafafu shida a ƙarƙashinta. Da Auta ta rufe ta, Umma tana tsaye.

"Allah ya sa alheri," ta ce wa Ba Matsala. Ta yi wa matan sallama ta shiga gida.

A falo ta zauna a kujerar Baba. Ta sha ruwan da Auta ta kawo, ta ajiye kofin a kan taga maimakon ta miƙa mata.

"Na gaya miki magana," ta ce.

Auta ta sunkuyar da kai.

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa. "Tun yaushe?"

Ya dubi kushin ɗin da ya saya mata bara, wanda har yanzu ledar hannunsa ba ta yage ba. Ya dubi dogayen ƙafafun kujerar katakon. Ya leƙa ɗakinta, ya ɗaga gefen zanin gadon da ƙafa, ya saki. Da ya dawo, laimar tana jingine a jikin kujerar, jan zaren daidai da matashin. Ya daɗe yana kallonsa.

"Asibitin ma shi ya sa?"

"Kai dai je ka sallami mutane," in ji Umma. "Sun tsaya a rana."

Ya ɗauki laimar ya fita. Ta taga Auta ta ji yana cewa motar ba ta yi ba. Ta ji Ba Matsala yana cewa, "Ba ta yi ba? Hajiyar da sai da aka roƙe ta ta fito?" Ta ji Kawu yana murna, yana ɗauka dabarar ciniki ce, yana cewa ai shi tun farko bai yarda da hayaƙin ba.

Suka koma filin da yamma. Kafin alƙalamin ya riga ya ɗaure su a wurin. Wannan karon Yaya ne riƙe da laimar. Ya bi layin ƙarshe mota-mota yana buɗe ƙofa yana kafa ta. Ya shiga layi na biyu ma, ya sami guda biyu masu tudu da suka kai zaren, ya tambayi kuɗinsu, ya rufe ƙofofin. Kawu ya tambaye shi me yake aunawa, ya ce tsayin mota daga ƙasa, saboda ramuka. Kawu ya ce daidai ne, shi ma abin da zai faɗa ke nan.

Suka ƙare a jikin waya, gaban farar motar burodin.

Ba Matsala ya daɗe yana neman mukullinta. Da ya samo, ya share murya. "Wannan, wata—"

"Likitar burodi," in ji Kawu.

Sai a karo na uku ta tashi. Giya ta uku tana kuka. Ƙofar baya ba ta buɗuwa daga ciki. In injin ya yi zafi, wani ƙamshin yis yana tasowa daga ƙasan kujeru. Kawu ya lissafa waɗannan duka da babbar murya, Ba Matsala kuma, wanda ciyawa ta kusa cinye masa motar, bai yi gardama sosai ba. Abin da ya rage bayan an cika ya tafi a batir da tayoyin gaba. Fenti ya zama sai wani lokaci.

Kwanakin da motar ta yi a wurin bakanike, Umma ba ta yi wa Auta magana ba sai ta dole. Ruwa, magani, rufe taga. Auta tana zuwa shago tana dawowa. Yaya ya zo sau ɗaya a tsakiyar mako, abin da bai saba ba, a ƙafa daga bakin titi, ba ƙarar da za ta sanar. Ya sami Umma a tsaye a kicin, riƙe da bakin tebur. Ba ta yi saurin komawa kujera ba. Shi kuma ya karɓi tukunyar ya ɗora.

Ranar Asabar da hantsi ya kawo motar. Ya sa hula ya ja ta har gira. Mai shagon kwana ya fito, ya kalla, ya nemi mai ruwan tokan a bayanta, bai gani ba. Maƙwabciyar ta leƙo ta tsaya da tsintsiya a hannu.

Umma ta fito da mayafin fita, da jaka. Ba ta zaga motar ba. Ta tsaya a ƙofar gaba, ta kalli hoton burodin da ke leƙowa ta cikin fenti.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Umma."

Ta juya baya. Bakin kujerar ya taɓa bayan cinyoyinta tun tana tsaye. Ta kama mariƙin sama, ta zauna, ta shigar da ƙafafunta. Yaya ya zo zai rufe ƙofar.

"Dakata."

Ta fito da ƙafafun, ta kama mariƙin, ta ɗan zamo gaba, ta miƙe. Ta tsaya a kan titi, hannunta ba a jikin kowa ba. Ta kalli maƙwabciyar ta ce, "Kin tashi lafiya?" Sannan ta koma ta zauna.

"Yanzu rufe."

Auta ta shiga baya. Umma ta miƙo sandar ta tsakanin kujeru ba tare da ta waiwayo ba. "Riƙe min. Kin ɗauko ledar Inna Babba?"

"Tana nan."

"Ki ɗora a cinya, kada ta zube. Litinin kuma ki tambayo mana ranar asibiti."

Motar ta tashi a karo na biyu. Suka fita layin, suka hau babban titi. Giya ta uku ta yi kukanta. Umma tana kallon shagunan da aka buɗe tun bayan rabonta da hanyar, tana karanta allunansu a hankali. Ba a jima ba ƙamshin ya fara tasowa. Ta shaƙa, ta ɗan sauke gilashi.

A wata mahaɗa, inda suka tsaya jiran hannu, wani mai shayi ya fito daga rumfarsa da gudu yana ɗaga musu yatsu. "Mai burodi! Manya guda biyar!"

Yaya ya ƙara jan hular, ya kafa ido a gaba.

Umma ta leƙa ta taga. "Ya ƙare, ɗan nan," ta ce. "Ka makara."

Aka ba su hannu, suka wuce.